Yayata Mai Aron Ƙoƙo

Shekaruna saba'in da takwas a duniya, yau kuma kwana arba'in ke nan da muka kai yayata makwancinta a Ruwan Bago. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ta girme ni da shekara bakwai, a bayanta kuma aka goye ni. Ban saba rubuta abin da ya shafi gidanmu ba. Aikin magatakarda na yi a ofishin hakimi har ƙarfina ya ƙare, abin da aka umarce ni shi nake rubutawa. Amma abin da kunnena ya ji a zaman makokinta ya tilasta mini ɗaukar alƙalami, domin kada a bar jikokinta da rabin labari.

Ranar uku, bayan an shafa fatiha a ƙofar gida, na shiga ciki karɓar gaisuwar mata, babban ɗana yana biye da ni. Wata tsohuwa maƙwabciyarta, wadda ido ya fara gaza mata, ta laluba ta riƙe hannun rigata.

"Malam, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Yaya. Shekara da shekaru ba ta kaɗa miya sai da daddawata. Yanzu kuma wa zai zo ya roƙe ni?"

Kafin in amsa, wata ta ce ita kanwa ake karɓa a wurinta. Matar maƙeri ta ce ita gawayi. Wata yarinyar mace mai goyo ta ce ita ba ta da komai sai lalle a bayan ɗaki, amma duk wata sai Yaya ta zo ta tsinka. Kowace tana faɗa tana share hawaye, kowace kuma da ɗan alfahari a muryarta, kamar ita ce ta riƙe marigayiyar.

Da muka fito, ɗana ya ja ni gefe, ransa a ɓace. Ya ce, "Baba, ka ji abin da matan nan ke faɗa? Sai ka ce bara Gwaggo take yi. Ita da ke da rumbu biyu nata na kanta!" Na ce masa ya yi shiru har a watse. Ban ga laifinsa ba, domin ni ma na taɓa furta irin wannan magana, kuma a gaban idonta na furta.

Mahaifinmu dagaci ne a wani ƙauye na ƙasar Kurugu, a gidansa kuma nake zaune har yau. Mun tashi muka ga gidanmu shi ke aikawa, ba shi ake aiko wa ba, sai dai gaisuwar kaka wadda manoma ke kawowa bisa al'ada. An aurar da yayata ga wani manomi a Ruwan Bago, ta koyi tuyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa a hannun uwar mijinta, da wannan sana'a ta tsufa. Ba ta zama a kujera, tabarma ce wurinta. Goro ɗaya sai ta fasa shi huɗu, ba don rowa ba, don kada wani a ɗakin ya rasa. Idan tana cikin raha tana kirana ɗan goyona. Idan kuwa ta ce "Magatakarda", to na san akwai magana.

Kowa ya san al'adarmu. Kwanon da aka aiko da abu a cikinsa ba a mayar da shi wofi, ɗan aike kuma ba ya juyawa ba tukwici. A zamanin yalwa wannan ba wani abu ba ne, ɗan ƙwai biyu ko dunƙulen fura ya wadatar. Amma tun da farashin kaya ya hau ya ƙi sauka, sai kyauta ta zama abin fargaba. Na san gidajen da idan aka hango mai kwano tafe sai uwargida ta shige ɗaki ta ce a ce ba ta nan. Mai bayarwa yana jin kunyar ƙanƙantar abinsa, mai karɓa yana jin kunyar abin da zai mayar, har zumunci ya fara yin sanyi ba tare da kowa ya yi wa kowa laifi ba. Yayata ta gane wannan tun ni ban gane ba.

A farkon shekarun tsadar nan, ina da sauran ƙarfin yanka rago biyu da Babbar Salla. Na tuna da matar wani aminina marigayi a Yammedi, wadda ya bari da jikoki marayu. Na sa aka yanki cinya guda, aka sa a babbar langa mai murfi, aka ɗaure da farin ƙyalle, na ba mai babur ya kai. Ya dawo da langar, da kuma kaza mai rai an ɗaure mata ƙafa, ya ce har tukwici ta kwance bakin zane ta ba shi. Na ji daɗi ƙwarai. Na faɗa a majalisa cewa har yanzu akwai masu sanin ya kamata.

Kwana huɗu bayan haka yayata ta zo yawon Salla. Bayan mun gaisa, mun tambayi gida da gajiya da ruwa, sai ta gyara zama.

"Magatakarda, an ce an kawo maka kaza daga Yammedi."

"An kawo, Yaya."

"Ka yanka?"

"Shekaranjiya."

"Ta yi daɗi?"

Na ji inda muryar ta nufa.

Ta ce, "Kazar nan ita ke nan gare ta. Ƙwanta take sayarwa ta sayi gishiri da ashana. Naman da ka aika kwana biyu suka ci ya ƙare. Kazar kuwa da ta kai su kaka."

Na ce, "Ni na ce ta sa kaza? Da sai ta mayar da langar yadda take."

"Langar gidan dagaci? Mai murfi da farin ƙyalle, an tsayar da babur a ƙofar gida ana rafka sallama, maƙwabta suna leƙe ta katanga? In kai ne za ka mayar wofi?"

Raina ya ɓaci. Na ce gidan ubanmu ba a san shi da aika nama a ƙunshin ganye ba. Ta ce, "Ina wurin ubanmu ya cika, ban ji ya bar wasiyyar langa ba." Na tashi na bar mata ɗakin. Wata biyar muka yi, sai dai gaisuwa ta bakin mutane.

Ni na gaji na je, da sunan duba ciwon ƙafarta. A wannan zuwa ne na ga yadda take yi da idona. Muna zaune da hantsi sai ta miƙe, ta yafa mayafi, ta ce in jira ta. Na leƙa ta zaure na ga ta shiga gidan tsohuwar nan mai daddawa, hannunta ba komai. Ina jin muryarta ta katanga: "Masu gida, ku taimake ni, miyata za ta lalace. Ɗan daddawa ko ƙwaya biyu. Af, ban ma zo da abin zubawa ba, ara mini ƙoƙonki." Ta dawo da daddawa a ƙoƙon aro. Ta juye ta a wata tukunya, na duba na ga tukunyar cike take da daddawa har wuya. Da la'asar ta ɗauki ƙoƙon, ta cika shi da gero, ta sa shi cikin ƙwarya, ta ƙara cika ƙwaryar har ƙoƙon ya nutse, ta rufe da faifai, ta sa ƙarƙashin mayafi, ta tafi da ƙafarta mai ciwo. Na ji tana cewa, "Ga ƙoƙonki na dawo da shi, kin fitar da ni kunya."

Da ta dawo na ce, "Yaya, 'yar dagaci ce ke bin gidaje tana roƙon daddawa, alhali tukunya cike? Ga jikoki cike da gida, ba mai kai miki saƙo?"

Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta. Ta ce, "In na aika yaro, sai ta nemi tukwici. In na kai da kaina, wa zai ba tsohuwa tukwici? In na fara ba ta, ita ke da nauyin mayarwa. In ita ta fara ba ni, nauyin nawa ne, na sauke, magana ta ƙare. Yau za ta kwana tana cewa ta taimaki 'yar dagaci. Kai me ya rage ka?"

Ban yarda ba. Na koma gida ina ganin abin ƙasƙanci ne.

Haka kuma take wajen karɓa. Ba ta taɓa cewa "da ka bari" ko "ai da ba ka wahalar da kanka ba". Wani jikanta ya dawo daga neman kuɗi a kudu hannu wofi, ya kwana biyu a garin yana kunyar zuwa gaishe ta, daga bisani ya zo da burodi guda a leda, kansa a sunkuye. Ta karɓa da hannu biyu, ta rangaɗa guɗa, ta sa aka dafa shayi, ta yayyanka burodin ta bi ɗaki ɗaki tana cewa, "Tsarabar mijina ce, ku ci ku sa masa albarka." Saurayin nan ya shigo kamar wanda aka kama da sata, ya fita yana gyara hula.

Damina uku da suka wuce, abin ya zo kaina. Taki ya fi ƙarfina a shekarar da ta gabata, na yi shuka haka nan, masara ta yi rawaya tun ba ta kai gwiwa ba, dawa ma abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Fansho kuwa yana nan yadda yake, kasuwa ce ta gudu ta bar shi. Kafin marka ta tsaya rumbuna ya koma sai ƙura da ɓeraye, ga gida cike da iyali, har da 'ya'yan ƙanena marigayi. Mai ɗakina ta koma dafa tafasa da rama tana kwaɗantawa da ɗan ƙuli, a ci sau ɗaya a wuni. Ni kuwa kullum da safe sai in sa babbar riga, in naɗa rawani, in fita dakali in zauna ana gaishe ni. Ban faɗa wa kowa ba, na kuma hana a faɗa.

Amma irin wannan ba ya ɓoyuwa. Wata ranar kasuwa da azahar, majalisa cike, sai ga babur ya tsaya da buhun masara a baya. Babban ɗan yayata ne ya aiko, da kyakkyawar niyya, ba da saninta ba. Mai babur ya ɗaga murya ya ce, "Salamu alaikum! An ce a kawo wa Kawu, wai a ɗan rage zafi kafin sabo ya fito!"

Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na ce, "Ka koma ka ce masa na gode, amma an yi masa ƙarya. Gidan nan ba a rasa hatsi ba tun kafin a haifi ubansa." Domin kada a ce ɗan aike ya bar ƙofata hannu wofi, na shiga na ɗauko hular da nake zuwa Juma'a da ita na ba shi tukwicin kayan da na ƙi karɓa. Ya juya da buhunsa.

Mai ɗakina tana bayan ƙyaure ta ji komai. Shekara hamsin muna tare ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, yaran ba rawani za su ci ba." Kwana biyu ba ta ƙara ce mini komai ba sai gaisuwa. Na san ta fi ni gaskiya. Na kuma san cewa ko an dawo da buhun nan sau goma, sau goma zan mayar.

A rana ta uku da hantsi sai ga yayata a bayan babur, tana da shekara tamanin da biyu, taɓo har gefen zanenta. Ba ta riƙe da komai. Ta shiga, aka shimfiɗa mata tabarma, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi kowa da sunansa. Ba ta ambaci buhu ba, ba ta dubi madafa ba. Sai can ta ce:

"Ɗan goyona, wata buƙata ce ta kawo ni. Kukar Ruwan Bago ɗaci gare ta, miya ba ta yi mini daɗi. Ta ubanmu nake marmari, ta bayan gidan nan. Ka tsinko mini in kai in shanya."

Na dube ta, ta dube ni. Na ce, "Yaya, na san wannan hanya. A gabana kika bi ta."

"To, ka sani."

"Ni ba mai daddawa ba ne."

"A'a, ita ta fi ka saurin tashi in an roƙe ta." Ta ɓare goro ta miƙo mini ɓari. "Ni dai kuka na roƙa. Na taso tun daga Ruwan Bago a kan wannan ƙafar. In za ka hana ni ganyen itacen ubana, ka faɗa da bakinka in koma in ba da labari."

Na nemi amsar da zan ba ta wadda ba za ta zama rowa ba, ban samu ba. Duk wanda ya ba ni, ina da hanyar mayar masa. Wanda ya roƙe ni kuwa, ba a koya mini yadda ake hana shi ba, ita kuma ta san haka domin gida ɗaya aka rene mu. Na tuɓe babbar riga, na ɗauki gora mai ƙugiya, na zagaya bayan gida da kaina. Na tsinko abin da bai fi cikin faifai biyu ba.

Ta ce, "Madalla. Ban kuwa zo da abin zubawa ba. Ara mini buhu."

Buhunan wofi kam ba a rasa su a gidana a wannan shekara. Na ɗauko ƙarami. Ta ce, "Wannan na goro ne? Ɗauko manyan can." Na ɗauko babba. Ta ce in ƙaro biyu. Na ce, "Yaya, ganyen nan ko rabin ɗaya ba zai cika ba." Ta ce, "Kai ka taɓa shanya kuka? Ba ta son matsi." Ta raba ɗan ganyen nan gida uku, ta zuba kowane kashi a gindin buhu, ta naɗe, ta ɗaure. Mai ɗakina ta rufe baki da gefen mayafi ta shige ɗaki, ban sani ba ko dariya take ko kuka.

Washegari bayan la'asar, majalisa ta cika kamar kullum, sai ga amalanken shanu ya karyo kwana, ƙanen mijinta yana kora, ita kuma tana zaune a kan kaya ta riƙe sanda. Buhuna uku ne, na gane su da ɗinkin da na yi musu, biyu dawa, ɗaya gero, daga rumbunta na kanta. Ba ta ɓoye su a mayafi ba, domin ba su ɓoyuwa. Tun daga nesa ta ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Magatakarda! Ga buhunanka na dawo da su, kada ka ce na riƙe maka kaya. Ka fitar da ni kunya jiya, Allah ya bar zumunci!"

Taubashina, wanda ba ya barin magana ta wuce shi, ya ce, "Kai, wace irin kuka ce a gidan nan? Gobe ni ma zan zo roƙo, in ga ko a jaka zan mayar!" Aka yi dariya. Ta ce, "Kai dai ko kuka aka ba ka, da buhun za ka gudu." Aka sake fashewa. Hanya ta buɗe mini sarai: in yi dariya tare da su, in ce a shiga da kaya, kowa ya tashi a kan cewa musayar 'yan'uwa ce. Ta share mini wannan hanya tun daga Ruwan Bago, ba abin da ya rage sai in bi.

Amma da na ga yadda take ƙoƙarin saukowa daga amalanken, tana neman inda za ta dafa, sai na kasa. Na miƙe, na je na riƙe hannunta har ta taka ƙasa, kana na juya ga majalisa na ce, "Jama'a, ku shaida. Ganye na ba ta wanda bai cika faifai biyu ba. Hatsi ta kawo mini domin gidana ba hatsi, yau kusan wata guda. Wanda na mayar rannan ma, girman kai ne. Na karɓa, na gode."

Ba wanda ya yi motsi. Ita ce ta buga sandarta a ƙasa.

"Rufe mini baki! Kukar ubanmu kake rainawa a gaban mutane? Ni na san abin da na karɓa." Ta juya ga mazan da ke zaune. "Ku kuma kun zuba ido, sai tsoho ya ɗauka?"

Kafin su taso na riga na kama kunnen buhu ɗaya, liman ya kama ɗayan, muka shiga da shi tare, rawanina yana warwarewa ban tsaya gyarawa ba. A ranar aka yi tuwon dawa a gidana. Ba ta yarda ta tafi ba sai da ta ga yara sun ci sun bar saura.

Allah ya yalwata mata kabarinta, ya karɓe ta da karɓar da ba kunya a cikinta, ya ba mu kyakkyawan ƙarshe idan tamu ta zo. Abin da na rubuta na ranar amalanken nan ban ƙara ko kalma ba, ba kuma ni kaɗai na gani ba. Mai ɗakina tana bakin zaure, tana nan da ranta. Ƙanen mijin marigayiya, wanda ya koro shanun, yana Ruwan Bago. Taubashina ya gani, haka ma limamin unguwarmu, wanda ya kama ɗaya kunnen buhun.